Fizga Ɗaya a Gindin Hasumiyar Kandarma

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa hawa-hawa, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, ya bar wa bawa dagi da haƙuri. Na zaune ya gyara zama, na tsaye ya nemi inuwa. Ni ne Korau ɗan Nomau, mahaƙin rijiya, jikan mahaƙa rijiya. Karatuna bai wuce izu biyar ba, saboda haka kada ku jira ado a bakina. Abin da na gani shi zan faɗa, yadda na gan shi.

Mu biyu ne a sana'a, ni da ƙanena Jatau. Shi ke shiga rami, ni ke riƙe igiya, don ya fi ni rashin nauyi, na fi shi ƙarfin dantse. Mahaƙa suna da ƙa'ida biyu. Ta farko, kafin a sauka tsohuwar rijiya sai a zura fitila mai ci. In ta mutu, to akwai matacciyar iska a ƙasa, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kwantar da ƙato kamar barci. Ta biyu ita ce maganar igiya. Na ƙasa in ya fizga sau ɗaya, yana cewa a ƙara masa igiya. Sau biyu, a tsaya. Sau uku, a fitar da shi.

Ranar da abin ya faru an kira mu yasar wata rijiya a wani ƙauye. Mai unguwa na tsaye a kanmu, shanu na kuka, mata sun jera tuluna tun hantsi. Muka duba fitilarmu, babu mai a cikinta.

Jatau ya ce, "Yaya, rijiyar nan ko bara na shige ta. Yanzu sai mun zauna jiran man gyaɗa, mutane na kallonmu?"

Na ce to. Ya sauka yana waƙa. Da ya kai zurfin kamar gaba goma sha biyu sai waƙar ta tsaya, na ji fizga a hannuna. Ɗaya tak. Na ƙara masa igiya. Na jira, na sake ƙarawa. Ko da na ga shirun ya yi yawa na jawo shi, jikinsa da ɗumi, amma babu shi.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na yarda. Sai dai wata tambaya ta tsaya mini a maƙogwaro, ba ta wucewa ba ta fitowa. Fizgar nan, igiya yake nema da gaske, ko kuwa uku ya so yi ƙarfinsa ya ƙare a ta farko? Na rantse ba zan ƙara riƙe igiyar wani ba. Shekara biyu ina zaune, ba aiki ba barcin kirki, har wani bafatake mai gishiri ya sauka a zaurenmu. Shi ya ba ni labarin cewa can bayan Fadamar Gishiri, bayan Dajin Kukoki, akwai kufan wani birni, Kandarma, mai hasumiyar da matattu ke magana a cikinta. Washegari na ɗauki dagina da hular Jatau, na bi ayarinsu.

Wata uku muna tafiya kafin mu isa Fadamar Gishiri. Fili ne fari fat, tafiyar kwana bakwai, samansa ɓawon gishiri, ƙasansa baƙin taɓo mai haɗiye raƙumi har da kayansa. A rana ta biyu na leƙa ƙarƙashin ƙafata, inda ɓawon ya yi garau kamar ruwa, sai ga wani ayari na mutanen da, a tsaye cikin gishiri, raƙuma a jere, madugunsu da hannu a ɗage, ko gashin gemunsa bai zube ba. Muka wuce ta kansu. A rana ta huɗu duwatsun da ake bi a gane hanya suka ɓace, sun nutse. Madugunmu ya tsaya yana salati. Ni kuwa na saba jin muryar ƙasa. Na shiga gaba ina dukan ɓawon da gindin dagi. Inda ya ce ƙwas, mu taka. Inda ya ce ɗum, mu kauce. Haka muka fita, raƙumi ɗaya kaɗai muka rasa.

A bakin Dajin Kukoki ayari ya yi kudu, na shiga ni kaɗai. Mutanen dajin nan a cikin kogon kuka suke kwana, a cikinsa suke tara ruwan damina, in ya ƙare su shiga tauna saiwa. Da suka ga dagi a kafaɗata suka kewaye ni da masu. Babbansu ya ce, "Baƙo, ka iso gida. Ba ka fita sai ka ba mu rijiya."

Na yi kwana uku ina zagaya dajin, mutum biyu na biye da ni. Sannan na kai su gindin kukar da ta fi kowace girma, wadda a cikinta suke ajiye gawar sarakunansu. Na ce, "Ruwanku yana nan ƙarƙashin wannan. Ku sare ta, in haƙa." Nan take gari ya rabu biyu, masu cewa a sare da masu cewa sai dai a bi ta kan gawarsu. Masu tsarona ma suka shiga musun, ɗaya nan ɗaya can. Na saɓa dagina na yi gaba. Ban yi musu ƙarya ba, ruwan yana wurin. Har yau ban san yadda suka ƙare ba, kuma abin yana damuna.

Tun da sauran tafiyar yini biyu na hango hasumiyar Kandarma. Birnin kansa ya narke, ganuwa ta zama tudu, gidaje sun zama jujin tsingaro. Hasumiyar kaɗai ke tsaye, ginin tubali, tsawonta gaba arba'in. Ba ta da ƙofa, ba ta da matakala, sai azara da ta fito a jikinta wadda ake takawa a hau. Daga gindi har ƙoli kafofi ne kamar ɗakin tattabaru, kuma kowace kafa an cusa mata tsumma. A gindinta akwai sauran mutane kamar gida talatin, suna shan ruwan wani tafki mai ɗaci da ke nesa da su tafiyar rabin yini.

Wadda ke tsaron hasumiyar wata mace ce mai suna Tabawa, matar marigayi maƙerin garin, doguwa, mai hannu kamar na namiji. Ta dubi hular da ke hannuna ta ce, "Wa ka rasa?"

Na ce, "Ƙanena."

"Allah ya ji ƙansa. Ni 'ya'ya uku gare ni a nan, ga su can a jere, zane biyu da 'yar riga." Ta nuna da haɓa. "Kakanninmu sun ce wani sarki ne 'yarsa tilo ta mutu, ya sa aka yi ta gini don a kai inda rayuka ke tafiya. Ba a kai ba, amma sai matattu suka riƙa saukowa suna magana ta kafofin nan, duk birni na ji. Kowa ya zo da tufar mamacinsa ya cusa, don ya gane inda za a kira shi. A zamanin kakata ana jin gunjinsu daga kasuwa. Yanzu sai ka manna kunne. Sun gaji da mu."

Muna cikin haka sai wani tsoho ya fito daga wani rami, rawaninsa duk ƙasa, yana riƙe da rariya. Wannan shi ne Malam Barmo, masani daga wani birnin littattafai mai nisa. Shekara goma sha tara yana tona kewayen hasumiyar da ma'aikatansa shida, yana neman ƙofarta. Duk tsingaro da dutsen wuya da ya samu sai ya jera shi a rumfa bisa ga zurfin da aka same shi, yana cewa na ƙasa ya girmi na sama. Ya ga dagina ya ɗaga hannu.

"Kai, kai, bawan Allah, nesa da wannan ƙarfen! A nan da cokali muke haƙa, mu share da tsintsiya."

Tabawa ta ce, "Shi ya sa shekara goma sha tara ko ramin kurege bai gama ba."

"Ke dai ki ci gaba da kiwon tsummokinki, Tabawa. Ranar da na sami ƙofar nan, ke za ki fara roƙona in shigar da ke."

Ban tsaya jin su ba. Na nemi wata kafa daidai tsawona, wadda tsummanta ya ruɓe ya zube, na manna kunne na kira Jatau. Na kira sau uku. Ba wanda ya amsa. Sai wani ɗan numfashi mai sanyi da ya taɓa mini kunne, da wani ƙanshi da na sani tun ina goye: ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu na ƙasan rijiya.

Na ja da baya na dubi ginin da kyau. Tubalin gindi baƙar ƙasa ce. Samanta ja. Saman jar akwai marmara, sannan farar ƙasa, sannan mai tsakuwa, can ƙoli kuma yumɓu mai shuɗi-shuɗi.

Na ce, "Malam, gafarta, ni ba mai ilimi ba ne. Amma ka taɓa duban tulin ƙasar da ke gefen sabuwar rijiya?"

"Me zan duba a ciki?"

"Abin da aka fara haƙowa shi ke ƙasa, abin da aka haƙo ƙarshe shi ke sama. Baƙar ƙasa, ja, marmara, fara, tsakuwa, yumɓu. Haka ƙasa take in kana nutsawa. Mutanen nan ba sama suka nufa ba. Ƙasa suka nufa. Abin da suka fitar ne suka gina."

Malam Barmo ya daɗe yana kallon hasumiyar, bakinsa na motsi. Sannan ya zauna daɓas a kan kwandon ƙasa ya ce, "Shekara goma sha tara."

Kwana biyu ina bin gindin ginin da dagi, wannan karon bai hana ni ba. Ta gabas, ƙarƙashin rumfar da yake jera tsingaronsa, ƙasa ta ce ɗum. Muka kwashe rumfar, muka share kamu huɗu na rairayi, sai ga faifan dutse. Mutum goma sha biyu suka ture shi. Ga rijiya, faɗinta ya ishe raƙumi ya kwanta, an ɗaure bangonta da dutse, ba a ganin ƙasanta.

Na zura fitila. A gaba goma sha biyar ta mutu. Na sake kunnawa na zura, ta sake mutuwa a wurin.

Na ce, "Ba mai shiga. Rijiya mai zurfin nan ba ta rayuwa sai da hanci, kuma kafofin hasumiyar nan su ne hancinta. Iska ke shiga ta sama ta bi ta cikin gini ta sauka ta kore matacciyar. Gunjin da kakanninku ke ji ke nan. An toshe hancin, shi ya sa ta yi shiru. Sai an cire tsummokin nan duka."

Tabawa ta matso har ina jin hucinta. "Me ka ce? 'Ya'yana ne ka kira toshiya? Kai da ka zo jiya da hular ƙanenka a hannu?"

Dattawan garin suka ce a ba su kwana bakwai su yi shawara. Malam Barmo ya kama hannun rigata. Ya ce kafin fitilar ta mutu ya hango wasu alamu a bango, ko rubutu ne. "Leƙawa kawai zan yi, Korau. Sauka da hawa. Ni tsoho ne, kwana bakwai a wurina ba kaɗan ba ne." Na ji kamar muryar Jatau ce a bakin tsoho. Na ce masa ko sarkin duniya ne ba zan zura shi ba.

Washegari da azahar ina ƙofar gidan Tabawa ina ba ta haƙuri, tana daka ko kallona ba ta yi, sai ga ɗaya daga ma'aikatan Malam a guje. Ya ce Malam ya tilasta musu sun zura shi. Da ya kai wani ɗan dandamali a jikin bango ya kwance igiyar don ya matsa kusa da alamun. Sun ji shiru, sun ja, igiya ta zo babu kowa.

Na san lokacin da ya rage bai fi na tafasar ruwa ba. Na fizgi salkar da ke rataye a rumfar Tabawa, na zubar da ruwan, na kama zugazugin mijinta na cika ta da iska har ta yi tim, na murɗe bakin. A bakin rijiya ma'aikatan sun tsaya cirko-cirko. Na ɗaura igiya a ƙugu, na duba wanda zan miƙa wa. Tabawa ta karɓe ta, ta naɗa a dantse, ta daka musu tsawa suka jeru a bayanta. Ba lokacin koya wa kowa maganar igiya. Na sauka.

Tun ina saurayi rabona da cikin rami. Haske ya yi ta ƙanƙancewa a kaina. A gaba goma sha huɗu na cika ƙirji na riƙe, daga nan sai in zuƙa daga bakin salka. A gaba goma sha takwas ƙafata ta taɓa dandamalin. Malam Barmo na kwance a kai, alƙalami a hannunsa. Da ɗan hasken da ya rage na ga abin da ya jawo shi. Ba rubutu ba ne. Tafin hannu ne, an danna cikin yumɓu tsakanin duwatsu, ɗaruruwa, manya da ƙanana, har inda ido ya ƙare.

Na sa masa bakin salka a hanci na matsa, ƙirjinsa ya ɗan motsa. Na matsa kuma. Na ɗaure shi a jikina da rawaninsa, ƙulli uku. Ko da na mai da salkar bakina, ta lafe, ba komai.

Jama'a, matacciyar iska ba ta da zafi. Daɗi gare ta. Na ji kamar na dawo daga gona an shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Na ce a raina, uku, Korau, uku. Na ɗaga hannu, ya yi mini nauyin turmi. Na kama igiya na fizga. Na nemi hannun in sake, ban same shi ba, yana can yana lilo a gefena kamar na wani.

A nan na sami amsar da na ƙetare gishiri da daji ina nema. Ba wanda ya faɗa mini ita. Na san abin da Jatau ya so cewa, na san kuma yana jin igiyar tana sakwarkwacewa a kansa, ya san hannun wa ke sakinta. Na jira tawa ta sakwarkwace.

Sai ta ɗaure tamau, ta fizge ni sama.

Na farka a kwance a rairayi, an zuba mini ruwan ɗaci a fuska, Malam na gefe yana kakari. Tabawa na zaune tana duban dantsenta inda igiya ta saɓule fata.

Na ce, "Inna, me ya sa kika ja? Sau ɗaya na fizga."

Ta ce, "To sau nawa kake so ka yi? Mutum yana cikin rami ya taɓa igiya, gaisuwa yake aiko mini?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na gaya mata komai, abin da ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarmu ba. Ba ta ce kwana ne ya ƙare ba. Ta tashi, ta ɗaure zane, ta taka azarar hasumiya, ta zaro zane biyu da 'yar riga. Ta sauko da su a ƙirji ta shige gida.

Ba kowa ya bi ta ba. Gida shida suka tsine mini, suka kwashe tsummokinsu da kayansu suka bar garin, kuma ban ga laifinsu ba. Sauran suka hau. Kwana tara ana zarowa, wasu tufafin da an taɓa su sai su zama gari. Aka haƙa rami ɗaya aka binne su da addu'a. A rana ta tara da hantsi iskar gabas ta taso, hasumiyar ta yi wani gunji da ya sa awaki suka tsinke, tsofaffi suka durƙusa. Na zura fitila, ta sauka gaba arba'in tana ci. Kwana ashirin muna yasa kafin ruwa ya ɓullo, mai sanyi, ba ɗaci.

Malam Barmo ya rayu, amma hannun damansa ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Da aka sauke shi a kwando ya ga tafukan nan da kyau, ya ce na mahaƙan ne, kuma duk rijiyar bai ga sunan sarki ko ɗaya ba. Tabawa ta ce shi ya sani, ita dai in hasumiya ta yi gunji tana jin muryar autarta a ciki. Ban taɓa yi mata musu ba.

Ni ban koma gida ba. Na yi kaffarar rantsuwata, na koma riƙe igiya, don rijiya irin wannan kullum tana son yasa. Hular Jatau tana kaina, ta tsufa, ina ta yi mata faci. Waɗanda na koya wa aiki a Kandarma sun san fitila kafin komai. Maganar igiya kuwa na sauya ta. Mai son ƙari ya fizga sau uku, tunda yana da ƙarfin yi. In ɗaya ce, ko rabin ɗaya, ko motsin da ba ka tabbata ba, ja.

Nan na ajiye dagi, nan labari ya tsaya. Wanda ya ji, in ya sha ruwa yau, ya sa Jatau ɗan Nomau a addu'a.